Gabas a Birnin Hambug

Talata: daga Kubwa

Na fito gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba. Maƙwabcina Bulus ne ya ɗauke ni a tasinsa.

"Oga, jirgin sha biyu ne fa. Share filin za ka yi musu?"

Na ce gara in jira jirgi. Hajiya, maiɗakina, ta rako ni bakin mota. Wata bakwai ke nan da rasuwar ɗanmu na fari a Hambug, ƙasar Jamus, inda yake aiki a tashar jiragen ruwa. Can aka rufe shi, ba mu gani ba. Abokan aikinsa ne suka haɗa hannu suka aiko min da tikiti. Hajiya ba ta taɓa faɗin sunansa ba tun yana raye, ranar ma ba ta faɗa ba. Cewa ta yi, "Ka dubo min da idonka ko sun fuskantar da shi gabas. Shi ke nan saƙona."

Minti arba'in ya kai mu filin jirgi. Shinge ɗaya muka tarar, sojan ya leƙa but ɗin motar ya ce mu wuce. Na sauya jirgi sau ɗaya a hanya, na kwana zaune a kan kujera.

Laraba: sauka

Mun sauka ƙarfe biyu na rana. Jami'in da ya karɓi fasfona ya tambayi abin da ya kawo ni. Na nuna masa takardar rasuwa. Ya buga hatimi, ya miƙo min fasfon.

Malam Idi ne ya tarye ni, dattijo ɗan zangon Kumasi da ya daɗe a garin. Shi ya yi wa marigayin wanka. Ya sauke ni a gidansa, hawa na uku, iyalinsa ta yi min tuwon semo da miyar kuka. Na yi mamakin kuka a nan. Ya ce, "Alhaji, in dai Bahaushe ya je wuri, kuka ta riga shi."

Alhamis: maƙabarta da bakin ruwa

Ƙarfe bakwai da rabi muna maƙabarta. Wuri ne mai itatuwa, da ɓangaren Musulmi daban. Na tsuguna na yi addu'a. Da na ɗago sai na lura da rana, ta fito ta gefen hagu, kabarin kuwa ya karkace, fuskarsa ta yi wajen kudu. Na duba na kusa da shi, duk haka suke. Na so in yi tambaya. Amma mutumin da ya wanke min ɗa yana tsaye kusa da ni, ban iya buɗe baki ba.

Daga nan ya ce sai na ga garin da yaron ya zauna. Muka shiga jirgin ƙasa, minti talatin muna bakin kogi. Ya nuna min tsofaffin rumbunan ’yan kasuwa, dogaye, na jan bulo, gindinsu a cikin ruwa, inda aka riƙa sauke gahawa da kayan yaji. Muka gangara wata tsohuwar hanya da aka haƙa a ƙarƙashin kogin, muka taka da ƙafa har ɗaya gaɓar, jiragen ruwa suna wucewa ta samanmu. Ya saya min burodi da ɗanyen kifi mai tsami a ciki. Na ci loma biyu don kunya. Duk abin da ya nuna sai in ce madalla, amma zuciyata tana kan abin da zan gaya wa Hajiya. Ƙarya ba zan yi mata ba, gaskiyar kuma ban san yadda za ta ɗauke ta ba.

Ƙarfe ɗaya muka hau wani tsohon jirgin ruwa mai filafilai da aka mayar gidan tarihi. A ɗakin matuƙi akwai taswirar duniya a bango. A nan ya tsaya ya dube ni.

"Alhaji, tun safe ba ka tare da ni. Kifin ne?"

"Ba kifin ba ne, Malam. Na ga kamar kabarin bai kalli gabas ba."

Ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan Nijeriya, ya ja shi zuwa Makka. "Ku a gida, Ka'aba tana gabas da ku, shi ya sa kuke ce wa alƙibla gabas." Ya ɗaga yatsan can sama kan Jamus, ya sake ja zuwa Makka. Layin ya gangaro ƙasa. "Mu nan mun hau sama, sai mun karkata kudu. Ni ma shekarar da na zo, wata biyu ina bin rana, Rasha nake yi wa sallah ban sani ba."

Na yi dariya, karon farko cikin wata bakwai, sai kuma hawaye. Ya juya yana karanta wani allo har na gama.

Juma'a

Bayan masallaci muka shiga jirgin fito, muka zaga tashar. Ƙugiyoyin ɗaukar kaya sun fi duk wani bene da na sani a Abuja tsawo. Malam Idi ya nuna min wadda marigayin yake aiki a ƙarƙashinta. Da yamma na bi abokan marigayin huɗu gida gida na yi musu bangajiya. Ɗaya Bature ne, bai gane abin da ya kawo ni ba sai da aka fassara masa, ya rungume ni.

Lahadi: gida

Na iso Kubwa ƙarfe biyar na yamma. Hajiya ta bari na sha ruwa tukuna.

"Ya kalli gabas?"

"Bai kalli gabas ba. Ka'aba ya kalla."

Na zana mata a ƙasa da tsinke kamar yadda aka zana min. Ta daɗe tana duba layin, sannan ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta ɗora tukunya.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Malam Idi da iyalinsa, da abokan marigayi, da Bulus da ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, Allah ya saka muku da alheri. Shi kuma Allah ya haskaka makwancinsa.