Sanyin Panyu da Yatsun Nas

Ejan ɗinmu na Guangzhou ta ƙasar China ya yi mini ƙarya, kuma na faɗa masa a gaban yaransa. Tun ina Kano na tambaye shi ko akwai sanyi, ya ce, "Hajiya, garin nan kamar Legas yake." A kan wannan magana na haɗa jaka: atamfa, mayafi, silifas.

Mun tashi da asuba, ni da wata yayata ta kasuwa mai fama da asma. Jirgi ya yada zango a hanya, muka gaji da zama har ƙafa ta kumbura. Da muka sauka, iskar da ta tarbe mu a bakin ƙofa ta sa na ambaci sunan Allah da ƙarfi. Sanyin can ba irin namu ba ne da za ka hura gawayi ka kore shi. Jiƙaƙƙe ne, yana bin bango, yana shiga katifa. Mun kama masauki a unguwar Panyu saboda araha, ɗakin kuwa ya fi waje sanyi. Na nemi abin ɗumama ɗaki, mai gidan ya ce "meyo", wato babu. Ban ji kalmar da ta kai wannan yawa a ƙasar ba.

Muka fara sintiri a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Shahe. Kasuwa ce hawa kan hawa, masu tura amalanke ba su san gafara ba. Rigar sanyi ɗaya da na saya ta cinye kuɗin dozin ɗin rigunan yara. Abinci sai taliyar Musulmin China, romo da zafi amma yaji kamar an yi masa rowa. Duk inda ka zauna kuma a miƙo maka ruwan zafi tsura, ba ganye ba sukari.

Ba mu ci rabin sarinmu ba ƙirjin Yaya ya toshe. Na kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da masauki. A can a zaune ake ƙarin ruwa, kujeru a jere kamar masu jiran kitso. Da wayar fassara muka yi magana da likita, ina bin haruffa ɗaya-ɗaya, don karatuna na yaƙi da jahilci ne, da furfurata na yi shi. Ya ce kullum da safe sai an sa mata ruwan magani, in ƙirjin bai washe ba ba za ta hau jirgi ba. Ga biza ta kusa ƙarewa. Ga jijiyoyin Yaya ɓoyayyu: nas biyu sun huda sun rasa, wata 'yar siririya ce kaɗai ke samu.

Wata safiya aka tashi da ruwa da iska mai yanka kunne. Muka zauna, nas ɗin shiru. Ƙirjin Yaya yana fito kamar buta a wuta. Na je gaban tebur na zazzage su da Hausa, ba su ji ba amma sun gane. Can sai ga ta a jiƙe, wando ya yage a gwiwa, laka har haɓa. Ashe gidanta yana hayin kogi inda jirgin bai kai ba, babur mai caji take hawowa, ya zame da ita a kan gada.

Ba ta zauna ba. Ta wanke hannu, ta ɗauki allura, sai ta ajiye. Yatsun sun sandare, sun yi shuɗi. Ta girgiza kai: ba za ta huda mutum da hannun da ba ta ji ba. Na kama hannayen nan na cusa su a hammatata cikin rigar sanyi. Ta zaro ido tana ƙoƙarin janyewa.

"Ke 'yar nan, tsaya!" na ce.

Yaya tana haki ta ce, "A hankali, kada ki karya su, su nake jira."

Da jini ya dawo yatsun ta sake wankewa, huda ɗaya ta samu jijiyar.

Daga nan na kira ejan. "Gobe motarka za ta ɗauko nas daga gida."

"Haba Hajiya, motar kaya ce fa, tana da lodi a Shahe."

"Legas ɗinka ce ta kwantar da baiwar Allah. Lodi ya jira."

Ita ma nas ɗin da fari ƙi ta yi, tana ta kaɗa hannu. Na rubuta mata a waya cewa ba don ita ba ne, don jijiya ne. Ta yi dariya ta amince. Washegari mota ta iso da su uku, matse a tsakanin dilolin kaya, don ta kwaso maƙwabtanta masu aiki a wurin. Haka aka yi ta yi har ƙirjin Yaya ya washe, likita ya sallame mu, biza saura ƙiris.

Mun dawo Kano da rabin kaya, da tari, da gajiyar da har yau ba ta sake ni ba. Riba dai babu. Abin da na koyo shi ne, maganin da ke kwalba ba ya shiga jiki sai mai allura ta iso da ranta da hannunta. Muna zaune a benci muna ƙirga mintocin da nas ta makara, ba mai tambayar wace hanya ta biyo.

Ina da a-daidaita-sahu guda da wani bawan Allah ke ja mini. Da gari ya waye na aika aka kira shi. Na ce daga yau sawun farko na ma'aikatan jinyar asibitin unguwarmu ne, ko ana ruwa ko ana sanyi, ya bi gida-gida ya kwaso su. Ya fara zancen mai. Na yafa mayafi na shiga baya, na ce ja mu je su nuna mana gidajen.