Ƙaramin Yatsan Malam Ummaru

Cikin duk shekarun da na yi ina masinja, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba wata Laraba ce, a ƙarshe-ƙarshen mulkin soja, a ofishinmu na rajistar filaye nan Sakkwato. Ku da kuka zo kuka tarar da kwamfuta a kowane tebur, ga yadda ta shigo mana.

Sunana Altine. Ban yi boko ba. Dako nake yi a kasuwa aka ɗauke ni aiki lokacin da arzikin mai ya zo, gwamnati tana neman hannu ko'ina. Sau uku ana korar ma'aikata a gabana, ban tafi ba. Aikin masinja shi ne kai fayil daga tebur zuwa tebur, da sanin wanda ya kamata ya gani.

A shekarar aka turo wani Manjo ya gyara ofishin. Ya ba da umarni a kwashe duk katunan filaye, na Mabera da Gidan Dahala da sauran unguwanni, a zuba su cikin kwamfuta. Aka kawo Injiniya Kabiru daga Kano, shi ya tsara aikin. Idan an kunna, taga ce take buɗewa a fuskar kwamfutar da gurabe shida: sunan mai fili, unguwa, lambar fili, da sauransu. A ƙasa akwai maɓallin ajiyewa. In an taɓa shi, katin ya shige, sabuwar taga ta buɗe.

Wanda aka ɗora wa bugun shi ne Malam Ummaru, babban mai tafiretanmu. Sama da shekara ashirin yana bugu, ban taɓa mayar masa da takarda don kuskure ba. Amma a mako guda ya ɓata aikin. Kati ɗaya sai ya fashe gida shida: suna shi kaɗai a kati guda, unguwa a wani, duka a gurbin suna.

Ranar Litinin Manjo ya tara mu. "Jibi da safe zan zauna a nan," in ji shi. "Malam Ummaru zai buga kati goma a gabana. Ya ɓata ɗaya, ya tafi gida. Akwai masu jiran kujerar."

Shekara biyu suka rage wa Malam Ummaru ya yi ritaya da mutuncinsa. Na same shi a bakin famfo yana alwala.

"Altine, wallahi ban san mi nika yi ba daidai ba. Abin da na gani ga takarda shi nika bugawa."

Washegari na ɗauko kujera na zauna a bayansa. Injiniya yana gefe, idonsa a fuskar kwamfuta. Malam Ummaru idonsa a kati, don ƙwararren mai tafireta ba ya duban abin da yake bugawa. Ni ba na karanta Turanci, sai na dubi hannu.

Ban daɗe ba na gani. Duk lokacin da ya gama layi, ƙaramin yatsansa na dama sai ya yi tsalle ya daki babban maɓallin nan na gefe. Na san wannan tsallen. A tafireta mai lantarki da aka sayo mana tun zamanin arzikin mai, wannan maɓallin ne ke sauko da mutum sabon layi.

Na ce, "Injiniya, ba kainai ba ne. Yatsanai ne."

Ya duba, ya dafe kai. "Kai! Baba Altine, ai wannan maɓallin a nan ajiyewa yake yi. Malam, ga wanda za ka riƙa dannawa, na hagu, shi ke kai ka gurbi na gaba."

Malam Ummaru ya gwada. Kati biyu lafiya. A na uku yatsan ya koma gidansa. Ya sake, ya sake. Har azahar haka. Ya kai ga ɗaure yatsan da zare, bugun duka ya rikice.

Bayan salla na tare Injiniya a baranda. Na ce ya gaya mini yadda dannawa take zama aiki, da Hausa.

Ya ce, "Kowace dannawa saƙo ce. Tagar ce take karɓa, ta duba na wane ne, ta miƙa masa. Saƙon babban maɓallin nan, in gurbi bai riƙe shi ba, kai tsaye wurin maɓallin ajiyewa yake zuwa."

"Wa ke kai shi?"

"Babu kowa. Haka masu kayan suka tsara."

"To ofishinka ba shi da masinja," na ce. "Nan duk takardar da ta shigo, sunan Darakta ke bisa. In na kai mai duka, da an kore ni tun tuni. Ga ƙofa nika tare ta. In ba ta cika ba, in kai ta tebur na gaba. Sai ta gama zagaye nika shiga da ita wurinai. Ba ka iya aje wani ga ƙofa?"

Ya ce, "Ana iyawa. Zan iya rubuta abin da zai tare saƙon kafin tagar ta raba shi, ya juya shi. Amma Baba, duk duniya ba haka ake yi ba. Mutum ne yake koyon na'ura."

"Duniya ba ta da fili ga Mabera. Kwana guda gare mu."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ku Sakkwatawa, wato har kwamfuta sai ta bi ku?"

"Ita ta tarar da mu."

Kafin la'asar ya gama. Ya nuna mini: an daki babban maɓalli a gurbi na ɗaya, saƙon ya tsaya, aka juya shi zuwa gurbi na biyu. Haka har na shida. A nan kaɗai ake barinsa ya wuce wurin ajiyewa. In kuma akwai gurbin da aka bari fayau, sai a mayar da mai bugu can. Na ce wa Malam Ummaru ya kwance zaren, ya manta da duk abin da aka koya masa a makon nan.

Laraba da safe Manjo ya zo da sandarsa a hammata. Shi ya zaɓi katunan da kansa, har da waɗanda ruwa ya taɓa. Malam Ummaru ya yi bisimilla, ya kafa ido a kati. Sai muka ji ƙarar da muka saba ji shekara ashirin, ba tsayawa, ba waiwaye. Yatsan yana tsallensa yadda ya ga dama.

Manjo ya sa Injiniya ya buɗe katunan ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa da na hannunsa. Goma cif. Ya ƙaro goma. Cif.

"Wannan ne kuka ce mini ya tsufa?" Ya dubi Darakta. Darakta ya dubi ƙasa. "Me ya canza?"

Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, masinja muka sa a cikin kwamfutar." Ya nuna ni. "Ga wanda ya koya masa aiki."

Manjo ya dube ni sama da ƙasa. "Ajinka nawa?"

"Ban shiga ba, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai ya fita. Malam Ummaru ya kama hannuna da hannu biyu. Shi ya buga katunan nan har na ƙarshe, ya yi ritaya a kan lokacinsa, aka yi masa walima.

Abin da na koya ke nan. In ma'aikaci nagari ya fara kuskure iri ɗaya kullum, ba lalacewa ya yi ba, akwai abin da aka sauya a ƙarƙashin hannunsa. Kafin ku rubuta masa takardar kora, ku ɗauko kujera ku zauna a bayansa.