Ƙoƙon farko na Iya Debo

Morounkeji, wadda duk Ijebu-Igbo ta ƙasar Yarbawa ke kira Iya Debo da sunan ɗanta na fari, a cikin hayaƙin garin rogo ta girma. Rumfar da ta gada wurin uwarta kasko tara ce, mata goma sha shida ke ci da ita: masu fere, masu markaɗe, masu suya. Mace ce mai zafin nama, amma da zarar hayaƙi ya tashi sai hankalinta ya bi shi. Takan ga rumfar ta zama doguwa, da rufin kwano, da bututun da ke kai hayaƙi can sama, idanun matan fari tas, ba mai hawaye. Wani lokaci har uwarta take hangowa a bakin kaskon ƙarshe, tana juya gari da sakaina.

Wanda zai mai da mafarkin gaskiya shi ne Baba Oshinowo, dillalin Legas, da ya yi alkawarin kwashe garinsu duk mako. Sai ga shi a karon farko ya iso tun lokaci bai yi ba. Buhunan markaɗaɗɗen rogo na nan ƙarƙashin duwatsu, ruwa na ɗiga. Rogo ne mai ɗaci, kuma sai ya tsumu ya tsane dafinsa ke fita.

"Iya Debo, motata ba ta kwana a hanya," in ji shi. "A soya yau, ko in nemi wasu."

Anti Rolake, babbar mai suya, ta ja ta gefe. "Yaya, ki farka daga wannan barcin na tsaye. Wuta za ta ƙone ɗacin. Mutanen Legas fa, me suka sani? Ko yashi kika sa wa sukari shanyewa za su yi."

Matan suka fashe da dariya, amma idonsu na kanta. Ta san abin da ke cikin idon nan: idan motar ta tafi ba kaya, aikin damina ya tafi tare da ita.

"To, a hura wuta," ta ce. "Kasko ɗaya tukuna."

Rumfar tana da al'ada tun zamanin uwarta. Ba a ɗinke buhu sai an jiƙa garin kaskon farko a ƙoƙo, masu aikin sun sha, sun kai wa 'ya'yansu ragowar. Garin ya fito fari sol, gwanin kyau. Iya Debo ta jiƙa, ta watsa gyaɗa, ta tsaya tana kallon tsakin da ke yawo a kan ruwan kamar taurari. Sannan ta miƙa wa Rolake.

"Bismilla, ƙanwata. Ki rage wa auta."

Rolake ta kalli ƙoƙon, ta kalli ɗiyarta da ke barci a kan zane. "Ni na ƙoshi."

"Ke? Yaushe kika fara ƙoshi?"

Ƙoƙon ya zaga rumfa. Wannan ta ce azumi take, waccan ta ce ciwon haƙori. Ya dawo hannun Iya Debo a cike. Ta zubar da shi a rami, ta tura ƙasa da ƙafa don kada awaki su lasa.

"Baba, namu bai nuna ba. Ka gangara bayan rafi, rumfar Iya Sikira. Nata ya tsumu, jiya na ɗanɗana."

"Wadda ba kwa ko gaisawa?"

"Bakinta ne ba kyau. Garinta lafiya lau."

Motar ta tafi, kuma daga ranar can ta riƙa tsayawa. Mata biyar suka bi ta. Iya Debo ba ta riƙe kowa ba, har sakainar suya ta ba su. Kasko uku suka yi sanyi, aka koma tallan mudu a kasuwa.

Rufin kwanon yanzu a kan rumfar Iya Sikira yake, yana ƙyalli ta tsakanin bishiyoyin kwakwa. Iya Debo takan tsaya ta daɗe tana kallonsa, har tana ƙirga fallayen, tana auna yadda za su zauna a kan tata.

"Yaya, kin sake tafiya," Rolake kan ce, tana miƙo ƙoƙo. "Dawo ki sha, kafin auta ta shanye."