Ruwan Kwarin Da Muka Ɓoye wa Ma'aikatan Muhalli

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ban da ranar da na tsaya a gaban ma'aikacin gwamnati na zuba ƙarya ba ko ƙifta ido, wai ni mai kishin gari. Wajen shekara talatin ke nan, amma har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni, sannan in yi hamdala.

Lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke ƙasar Fulatan, kuma ni ne mai rubuta wa baffana takardu, don shi ne dagacin garin. Sai ga wani attajiri daga birni ya ce zai kafa masana'antar jima a tudun da ke gabas da mu. Ya ce samarinmu za su sami aikin yi, su huta da tafiya cin rani. Gari ya ɗauka da murna, ni kuwa har na fara hango kaina a ofis da fanka a kaina.

Ana haka aka ce mana akwai sabuwar doka: babban aiki irin wannan ba a fara shi sai ma'aikatan muhalli sun zo sun duba abin da zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane. Wakilin attajirin ya ja ni gefe. "Malam, kai ne mai boko a nan. In sun tambayi kwarin da ke ƙasan tudun, ka ce ba mai amfani da shi. Can ruwan wankin fata zai gangara, kuma in suka ji wata magana aikin zai koma wani gari."

Na san sarai rijiyoyin da muke sha suna cikin kwarin nan, don na cikin gari duk zartsi ne, ko wanki ba sa kumfa. Amma na ce a raina ai ruwa ba ya ƙin dauɗa, damina ɗaya za ta wanke komai. Da na gaya wa Baffa, shi ma bai hana ba.

Ma'aikatan su uku suka zo da rani. Babbansu wani dattijo ne mai tabarau, ba ya son yawan magana. Na bi da su ta hanyar sama, na kauce wa turbar masu ɗebo ruwa. Da ya nuna kwarin ya tambaya, na ce, "Yallaɓai, fili ne kawai, sai ƙaya da awaki." Ya rubuta a littafinsa, ni kuma na ji kamar na ci jarrabawa.

Muka dawo zauren Baffa rana ta take. Gwaggona, yayar Baffa, tsohuwar da ba a yi shawarar da ita ba, ta fito da kanta da ƙwaryar ruwa daga randarta. A wurinmu baƙo ba ya shan zartsi, abin kunya ne ga gida. Dattijon ya sha, ya ƙara, ya ce, "Iya, wannan ruwa da daɗi yake. Daga ina?"

"Na kwari ne, ɗan nan," in ji ta, tana jin daɗin yabon. "Rijiyoyin da ke ƙasan tudun gabas. Tun kakanninmu shi muke sha, mu da shanun Fulani. Wa zai ba baƙo na cikin gari?"

Dattijon bai ce na yi ƙarya ba, ya dai dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ko za ka raka mu mu ga awakin nan?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Muka gangara muka tarar da guga sun fi goma a bakin rijiyoyi. Suka ɗebi ruwa a kwalabe, suka auna gangaren, suka zauna da masu lambu har la'asar.

Bayan 'yan watanni takarda ta zo, ni na karanta wa Baffa. Ba za a yi jima a tudun ba sai an gina wurin tace ruwan tukuna, ko a sauya wuri. Attajirin ya ga abin ya yi masa nauyi, ya kwashe kayansa. Samari suka yi ta zagin ma'aikatan, ni kuwa na yi mako biyu ina gaida Gwaggo a daƙile.

Shekara huɗu bayan haka na je ta'aziyya wata unguwa a bayan birni, kusa da wata majema. Na ga rafi ya koma baƙi ƙirin, wari ya hana mu zama a tabarma. Mai masaukina ya ce rijiyar gidansa ya daɗe da rufe ta, yaransa duk ƙuraje. A motar dawowa ina ta lissafa 'ya'yana da suke shan ruwan kwari kullum. Ban shiga gidana ba sai da na durƙusa gaban Gwaggo na nemi gafara. Ta yi dariya ta ce ita fa ba ta san ta yi wani abu ba.

Tun daga ranar na gane cewa mai zuwa duba aiki kafin a fara shi ba maƙiyin ci gaba ba ne. Wanda ya ɓoye masa gaskiya ba gwamnati ya cuta ba, 'ya'yansa ya cuta, kuma saura ƙiris ya zama ni ne.