Malamar da Ta Ɗaure Gizo Saboda Awaisu

Kullum da safe, kafin Malama Adawiyya ta shiga ajinta a wata firamare da ke Bakori, sai ta tsinki ciyawa a gindin katanga ta ƙulle ta. Abokan aiki sun sha tsokanarta, wai mace da jikoki tana tsoron ɓata. Ita kuwa takan ce haka ta taras: mai yin tatsuniya da rana, sai ya fara ɗaure Gizo da ƙullin ciyawa, don kada ya ɓata. Yanzu da ta ajiye aiki, ya kamata a ji mafarin abin.

Wani yaro ne, Awaisu, mai lalurar galahanga. Ba ya haɗa ido da mutane, magana kuma sai ya ga dama. Da an buga ƙarfen makaranta, sai ya kwarma ihu ya kifar da benci, aji ya hargitse. Iyaye suka yi ta ƙorafi. Hedimasta Malam Haladu ya kira uwar yaron, Hansai, ya ce in zango ya ƙare a haka, sai dai ta riƙe shi a gida.

Hansai ta tari Malama a bakin aji. "Malama, makarantar da na fara kai shi ma koro mini shi suka yi. In kun ƙi shi, ina zan nufa da yaron nan?"

"Ki bar mini shi, Hansai. Me yake so a gida?"

"Akuyarsa, sai bin babansa gonar masara."

Da farko Malama ta kawo masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko kallonta bai yi ba. Sai ta sauya hanya. Ta zauna kusa da shi ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku. Akwai wani yaro Awaisu, mai jar akuya. In ƙarfe ya yi ƙara, kunnensa yakan yi zafi. Sai ya rufe kunne da tafinsa, ya tuna akuyarsa, har ƙarar ta wuce." Yaro ya ɗago kai. Kullum labarin ke nan, in ta tsallake akuya shi yake gyara mata.

Abin bai zauna nan take ba, har benci ya taɓa danne mata ƙafa. Amma kafin a cire masara, Malam Haladu ya leƙo ta taga ana buga ƙarfe, ya ga Awaisu zaune, hannu a kunne, bakinsa yana motsi. Bai sake tayar da zancen kora ba. Daga baya duk yaron da ya zo da irin lalurar, shi ma sai ta ɗinka masa nasa labarin.

Ke ce uwar waɗanda aka gaji da su, Malama. Mu mutanen Bakori muna alfahari da ke, mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamanmu kuma, kafin ku ɗauki bulala, ku tambayi uwar yaro abin da yake so.

Ranar ban kwana Awaisu ya zo, yanzu ɗan sakandare ne. Ya tsaya gabanta da ƙullalliyar ciyawa a hannu, idonsa a ƙasa.

"Akwai wata Malama Adawiyya," ya ce. "Yau za ta tafi gida. Zuciyar Awaisu tana zafi, amma ba zai yi ihu ba."

Bai yi ba kuwa. Malama ce ta kasa riƙe kukanta.