Minti Tara na Anti Ismay

Duk matuƙin jirgin saman da ke ratsa dazukan ƙasar Guyana ya san muryar Anti Ismay tun kafin ya ga fuskarta. Shekara ashirin da biyu tana riƙe da rediyon wani ɗan filin jirgi na jar ƙasa, kusa da ramukan masu haƙar zinariya. Kai, matar nan ba ta san zama ba! Kujerar ofishinta ma kaji ke hawa. A tsaye take faɗin yanayin hadari, tana zagaye tana aika saƙon wanda matarsa ta haihu, tana leƙen taga tana cinikin burodin rogo.

"Anti, don Allah sakar mana layi mu sauka!" in ji matuƙa.

"To ku sauka mana, ni na riƙe muku fiffike?"

Kalma ɗaya ce ke rufe mata baki: Mayday. Ita ke koya wa sababbin ma'aikata cewa wani mai aikin rediyo a London ne ya ɗauko ta daga Faransanci, ma'anarta "ku taimake ni". Sau uku ake faɗinta, kuma da an faɗa, layi ya zama na mai kiran da hasumiyar kula da jiragen da ta amsa masa. Kowa sai ya yi gum.

Wata Talata da hantsi ta ji ta, sau uku cur, da muryar ƙanenta Carlyle, wanda ta goya a bayanta. Injin jirgin da yake tuƙawa ya mutu a saman daji. Hasumiyar birni ta amsa, ta shiga lalubo masa wurin sauka. Ismay ta janye hannu daga maɓallin magana, ta cusa a hammata. Ta kai bango ta dawo, ta sake kaiwa.

Can sai ya ce, "Yaya, kina ji na?"

Tana ji sarai. Amma in ta danna, muryarta za ta danne ta hasumiya, ga shi ana gaya masa kwanar da zai yi zuwa wani tudun yashi a tsakiyar kogi. Ta ciji leɓe har ya yi jini. Minti tara aka yi, sannan layi ya yi tsit.

Bai kai yashin ba. Bayan kwana uku aka tsinci jirgin.

Manya sun aiko mata takardar yabo, wai ta bi ƙa'ida. Gaskiya ne, ita ma ta sani, amma abin na cin ta har yau. In hira ta yi nisa sai ta kama hannunka ta ce, "Na'am kawai zan ce masa fa, ɗan nan. Daƙiƙa nawa na'am take ci?"