Agogon Manaja da Sunan Baba Sanyi

Mutum ya yi shekara goma sha tara yana aiki, ko makara ba a taɓa kama shi da ita ba, sannan a sallame shi da takarda mai ɗauke da kalmar "sakaci". Wallahi duk sanda na tuna sai abinci ya fita raina. Ni ce sakatariya a kamfaninmu na rarraba magunguna, teburina yana kallon ƙofar ɗakinsa, don haka ba labari aka ba ni ba.

Baba Sanyi muke ce masa, saboda ɗakin kwamfutocin da yake zama ba a kashe masa na'urar sanyi. Muna fifita da fayil, shi yana cikin suwaita. Da gyaran rediyo ya fara a bakin titi, ya koma gyaran tafireta, da kwamfuta ta zo ya ce ba za ta wuce ta bar shi ba, ya shiga makarantar yamma furfura na leƙo masa. Ba shi da surutu. In ka kai masa ƙara, tambayarsa ɗaya ce: "Me ka taɓa kafin ta lalace?" Kuma kowa ƙarya yake shirga masa, har da ni.

Rassa bakwai gare mu, wani tafiyar yini guda ne. A da, ko kalmar sirri ma'aikaci ya manta, sai Baba ya hau mota ya je. Shi ya zauna wata takwas ya haɗa su. Akwai babbar kwamfutar da ke riƙe da sunan kowa da kalmar sirrinsa, wadda yake kira mai gadi, don sai ta yarda da kai za ka shiga aiki. Ya yi guda biyu, ɗaya a ɗakinsa, ɗaya a wurin da suke ce wa gajimare. Na ce masa, "Baba, in aka yi ruwa fa?" Ya ce, "'Yata, kwamfutar haya ce a wata ƙasa, sunan ne kawai mai daɗi." Sannan ya shimfiɗa ɓoyayyiyar hanya ta cikin intanet, wadda suke kira VPN, daga kowane reshe zuwa wurin masu gadin. Ranar da reshe na bakwai ya shigo, lemo kwalba ɗaya ya saya wa kansa. Daga sama ko sannu ba a aiko masa ba.

Sai aka kawo mana sabon manaja, mai takalmi mai ƙara da son a ce ya zo da gyara. Gyaransa na farko, ya sa aka tura agogon bango gaba da minti goma sha biyar, wai don mu daina makara. Mu kuwa ba yau aka haife mu ba, muka koma duba lokaci a gefen kwamfuta. Da ya gane, ya kira Baba a gabana ya ce a tura na kwamfutoci ma.

Baba ya ce, "Yallaɓai, wannan ba zai yiwu ba. Masu gadin nan biyu sai agogonsu ya zo ɗaya. In bambancin ya wuce minti biyar, kowanne zai ɗauki ɗan'uwansa ɓarawo, a rufe wa rassa ƙofa."

Manaja ya ce, "Kai dai ka tsufa, komai aka kawo sai ka ce ba zai yiwu ba."

Baba yana da wata ƙa'ida da ya ɗora wa kansa. Ya rubuta kalmar sirrinsa ya liƙe a ambulan, ya ajiye a akwatin ƙarfe na ofishin manaja, don ko ta Allah ta kasance a kansa kada aiki ya tsaya. Ranar wata Talata ya tafi reshe mafi nisa canza wata na'ura. Ƙarfe takwas da rabi na ga manaja ya fito da ambulan mai ruwan ƙasa da makullin ajiya na ɗakin Baba, ya shiga ɗakin sanyin ya turo ƙofa. Kafin tara wayata ta fara kuka. Rassa bakwai, babu mai iya shiga kwamfuta, babu mai iya fitar da takardar kaya. Motoci huɗu suka yini a rana da magani a cikinsu, na guda ɗaya, mai son sanyi, ya lalace gaba ɗaya. Baba ya juyo daga hanya, ya iso da la'asar ko ruwa bai sha ba, ya gyara cikin minti goma.

Aka turo kwamitin mutum uku daga sama. Suka buɗe rajistar kwamfuta, ta nuna sunan Baba ne ya taɓa agogo. Ya ce ai a lokacin yana cikin mota. Nan manaja ya gyara zama, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce, "Ranku ya daɗe, ba shi ya haɗa hanyar da ake shiga daga ko'ina ba? Yana mota ma zai iya." Kun ji fa. Aikin da ya ƙarar da idonsa a kai wata takwas, shi aka ɗauko aka ɗaure shi da shi. Batun ambulan kuwa, manaja ya rantse bai taɓa ganinsa ba, sai dai a tambayi tsohon manajan da ya gada.

Na miƙe ba a kira ni ba, na faɗi abin da na gani. Shugaban kwamitin ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, kin ga abin da ke cikin ambulan ɗin?" Na ce a'a. "Kin ga abin da ya yi a cikin ɗakin?" Na ce ƙofa a rufe take. Ya ce, "To zauna, na'ura ba ta ƙarya." Mutumin da ni nake buɗe masa saƙonsa in ya zo, don bai san inda ake dannawa ba, yau shi ne lauyan na'ura.

Baba bai roƙi a bar shi a aiki ba. Abu ɗaya ya nema, ya ce, "Ku rubuta na yi murabus. 'Ya'yana za su ga takardar nan, kuma duk inda na nemi aiki ita za a fara tambaya." Suka ce za su duba. Suka duba ɗin, suka aiko da rubutun hannu, kalmar "sakaci" tana nan a layi na uku, aka ajiye a teburina in buga. Na yi awa guda ina kallonta, na tuna yarana uku da babu mai ɗaukar su sai ni, na jawo kujera na buga. Har yau ban san wanda na fi jin haushi ba, su ko ni.

Ni aka ba in kai masa. Na same shi yana naɗe wayoyi yana liƙa wa kowacce suna, don wanda zai gaje shi kada ya sha wuya. Ya sa tabarau ya karanta tun daga kwanan wata har sa hannu, ya ɗago ya ce, "Ke kika buga, 'yata?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Babu kuskure ko ɗaya." Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya ce in matsa masa kaɗan, na taka masa waya.